Filin Shawara tare da Goggo: Malamin Gona na Gwamnati da na Kamfani, Wa Za Mu Saurara?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako, dukkansu daga Jalingo, kuma dukkansu a kan abu guda suke magana, wato haɗin gwiwar da ake yi tsakanin gwamnati da kamfanoni wajen kai wa manoma ilmin noma da kayan aiki. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu wasiƙun.

WASIƘA TA ƊAYA: Maigidana ya ce in sayar da keken ɗinkina

Goggo, barka da war haka. Ni matar aure ce, muna zaune a Sarkin Dawaki nan cikin Jalingo, 'ya'yanmu biyar. Maigidana ya yi ritaya, yanzu shinkafa yake nomawa a gonarsu ta gado da ke wajen Mutum Biyu. Bana ƙungiyarsu ta haɗu da wani kamfanin casar shinkafa, an ce da hannun gwamnati a ciki. Za a ba su iri da taki da maganin ciyawa, manomi ya biya rabin kuɗi, a turo musu malamin gona, in kaka ta yi kamfanin ya saye shinkafar. Rabin kuɗin ne ba shi da shi, sai ya ce in sayar da keken ɗinkina da tumakina biyu, in an girbe ya mayar mini. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi, don Hammana, wato yayana, ya taɓa karɓar bashin noma, ruwa ya cinye gonar, har yau ana bin sa. Da na ce a ɗan dakata, sai maigida ya ce ba na son ci gabansa. Yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Goggo, ni ce da laifi?

Uwar biyar, Sarkin Dawaki

AMSA

'Yata, ba ki da laifi, shi ma maigidan naki ba mugun abu ya nufa ba. Ke kin ga abin da ya sami Hammanki, shi kuma ya ga tsadar taki ta fi ƙarfin fanshonsa. Ku biyun gidan nan kuke tunani. Abin da ya rage muku shi ne ku san ainihin abin da za a sa wa hannu.

Irin wannan tsari sananne ne a Taraba. Shirin VCDP, wanda gwamnatin tarayya ke gudanarwa tare da asusun bunƙasa noma na duniya, IFAD, ya kankama a 2015 a jihohi shida: Taraba, Binuwai, Neja, Anambra, Ebonyi da Ogun, a kan shinkafa da rogo. Gassol da Karim Lamido da Wukari suna cikin ƙananan hukumomin da suka shiga. Yadda aka gina shi, manoma su haɗu a ƙungiya, shirin ya ɗauke musu wani kaso na kuɗin kayan noma, a koya musu dashe a layi da zuba taki a kan lokaci, sannan a zaunar da su da mai sayen amfanin tun kafin shuka. Olam na cikin kamfanonin da suka yi irin wannan hulɗa da manoman shinkafa a ƙarƙashin shirin. Inda kowa ya cika alkawari, manoma sun ga alheri, domin mutum ya san kasuwarsa tun iri na hannunsa.

Tsoronki ma yana da tushe. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya ƙara yawan shinkafar da ake nomawa, amma ya bar tarin bashin da ba a biya ba. Wasu manoman kayan sun iso musu a makare, wasu ambaliya ta shafe su, wasu kuma sun ɗauka rabon gwamnati ne da ba a mayarwa. Saboda haka, kafin ku sayar da ko kaza, maigida ya samo amsar waɗannan tambayoyi, kuma ya same su a rubuce.

Na farko, ɗaya rabin da ba shi zai biya ba, tallafi ne ko bashi? In bashi ne, buhu nawa ko naira nawa za a cire da kaka, kuma akwai kuɗin ruwa a kai? Ya kuma tambaya ko kamfanin zai yarda ya ba shi nasa rabin lamuni a cire bayan girbi, domin akwai masu yin haka.

Na biyu, farashi. Yaushe za a yanke shi, kuma wa zai zauna a wajen yankewa? Farashin da aka tsayar tun damina yana iya cutar manomi in kasuwa ta tashi, yana iya cutar kamfani in ta faɗi. Mun ga yadda farashin shinkafa ya sauko bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, alhali taki bai sauko ba. Mafi adalci a rubuta cewa wakilan manoma da na kamfani za su zagaya kasuwa da kaka su tsayar da farashi tare. A kuma rubuta cewa da kilo za a saya a kan sikelin da kowa ke gani, da nawa za a rage in an ce shinkafar da laima ko tsakuwa, da kwana nawa kuɗi zai yi kafin ya shigo. Yawancin rigimar manoma da kamfani a bakin sikeli take tashi.

Na uku, ranar kawo kaya. Takin da ya iso bayan shinkafa ta yi ciki bashi kawai ya ƙara wa manomi. A sa rana, a kuma faɗi abin da zai biyo baya in an saɓa.

Na huɗu, ruwa. Duk mai gona kusa da kogin Binuwai bai manta 2012 da 2022 ba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya haɗu da ruwan sama, gonaki suka nutse daga Lau har Ibi. Shin an yi wa gonakin inshora a NAIC ko wani kamfanin inshora? In an yi, cikin kwana nawa ake kai rahoton ɓarna, kuma wa ake kai wa? In gonarku tana cikin kwari, maigida ya tambayi malamin gona batun FARO 66 da FARO 67, irin da aka fitar don ya jure nutsewa na wasu kwanaki, kafin ya karɓi FARO 44 da aka saba rabawa.

Na biyar, kuma a nan nake so ki tsaya kai da fata: amfanin gona ake ciniki, gonar ba ta cikin ciniki. Kada takardar gonar gado ta shiga jingina, balle akwai haƙƙin 'yan'uwa a kanta. Mutanen Gassol suna tune da 2012, lokacin da aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dominion Farms na Amurka a kan hekta 30,000. Manoman da ke aiki a filin sun koka cewa an raba su da wuraren nomansu, aikin kuma bai kai inda aka yi alkawari ba.

Na shida, shaida. Tunda an ce da hannun gwamnati, shugabannin ƙungiya su je ofishin hukumar bunƙasa noma ta jiha, TADP, nan Jalingo, su tabbatar an san da kamfanin. A karanta yarjejeniyar da Hausa ko Fulatanci a gaban kowa, malamin gona na gwamnati da Jauron ƙauyen su sa hannu a matsayin shaidu, kowane manomi ya riƙe kwafinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya nemi a rubuta bai zargi kowa ba.

In duk wannan ya tabbata, to maigida ma akwai nasa nauyin. In kaka ta yi, kada ya zagaya ya sayar wa dillali don an ƙara masa ɗan abu a kan buhu, ya bar kamfani da bashi. Wannan ɗabi'a ita ta kori kamfanoni da dama daga hulɗa da ƙananan manoma, kuma cin amana ce.

Batun kayanki kuwa, dukiyarki taki ce, a addini da al'ada. Keken ɗinki kada ki sayar, domin shi ke kawo kuɗin cefane tsakanin shuka da girbi, kuma in noman ya zo da akasi, shi za ku dogara da shi. Tumakin, in ranki ya kwanta, kina iya ba shi rance, ku rubuta. Ki ba shi shawara ya shiga da hekta ɗaya bana, ya ga kamun ludayin kamfanin, in ya so baɗi ya ƙara. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki fara da nuna masa kina son noman ya yi albarka, sannan ki ce ku duba takardar tare. Namiji in ya ga an shigo cikin shirinsa da niyyar gyara, yakan sauko. Allah ya daidaita tsakaninku.

WASIƘA TA BIYU: Ana biyana gwargwadon maganin da na sayar

Goggo, ina gaisuwa. Na gama Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo, na daɗe ba aiki, sai wani kamfanin sayar da iri da maganin feshi ya ɗauke ni. Sun ba ni babur da waya, ina zagaya ƙauyukan Ardo Kola da Yorro ina koya wa manoma. Albashin kaɗan ne, sauran kuɗin a kan yawan kwalaben da na sayar ake lissafa mini. Sau da yawa nakan ga gonar da ba ta buƙatar feshi, amma in na faɗi gaskiya na rasa ciniki. Tsofaffi sa'annin mahaifina suna kirana Malam, duk abin da na ce shi suke yi. Zuciyata ba ta kwanta ba, ga aure ina shiri. In ajiye aikin ne?

Matashi, Sarkin Dawaki

AMSA

Ɗana, wannan rashin kwanciyar zuciya alama ce ta tarbiyya, ka gode wa iyayenka. Amma kada ka ajiye aikin. Ƙauyukan da kake shiga, wasunsu sun shekara ba su ga malamin gona ba. In ka tafi, wanda zai gaje ka wataƙila bai taɓa zama a aji ya karanta cutar shuka ba.

Sayar da kaya halal ne, kuma kamfani bai yi laifi ba don ya nemi riba. Inda haramcin yake shi ne ka fake da sunan Malam ka sayar wa mutum abin da ka san ba ya buƙata. Saboda haka ka raba abu biyun a bakinka. Ka gaya wa manomi a fili cewa kai ma'aikacin kamfani ne. Ka fara duba gona ka faɗi abin da ke damunta. In magani take so kuma kana da shi, ka sayar. In ciyawa ce ta yi yawa, ko shukar ta yi cunkoso, ko taki ne ya gaza, ka faɗi haka ka hau babur ɗinka.

Ɗauki misalin tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Najeriya a 2016. Manomin da aka koya wa ya riƙa zagaya gona yana leƙa zuciyar masara tun tana ƙarama, ya yi feshi da sassafe ko da yamma a daidai inda tsutsar ke ɓuya, zai kashe kuɗi kaɗan ya tsira da amfaninsa. Wanda aka ɗora wa kwalabe ba bayani zai yi ta feshi da tsakar rana, tsutsa na nan, aljihu ya ƙare. Na farkon baɗi kai zai nema, ya kawo maka maƙwabtansa. Na biyun zai gaya wa duk kasuwar Iware cewa maganinku ba ya ci. Wannan lissafin za ka kai wa manajanka cikin ladabi, ka roƙi a riƙa auna aikinka da yawan manoman da suka dawo, da gonakin gwajin da ka kafa, tare da cinikin.

Akwai abubuwan da nake so su zama maka ƙa'ida. Kada ka sayar da maganin da ya wuce wa'adi ko wanda ba shi da lambar NAFDAC. Ka koya wa manoma kankare tambarin da Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa ke liƙawa a jikin ledar iri, su tura lambar ta waya su tabbatar ba jabu ba ne. Ka hana su zuba maganin feshi a cikin wake don ajiya, ka nuna musu buhun PICS mai leda biyu a ciki. Ragowar irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma abin da Turawa suka ƙi, 'ya'yanmu ne ke cin sa. Ka yi musu faɗa a kan feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, da ɗiban ruwan sha a jarkar magani.

Sannan ka nemi malamin gona na gwamnati da ke kula da yankinka, ka gaishe shi, ka riƙa ɗaukarsa a babur in za ka shiga ƙauye. In ka ga cutar da ta shige maka duhu, ka tambaye shi, ko ka koma wajen malamanka na kwaleji, ko ka nemi littattafan da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ke fitarwa. In kuwa kamfanin ya tilasta maka yin ƙarya ƙiri-ƙiri, to nan ne za ka nemi wani, kuma sunan kirkin da ka yi a ƙauyuka shi zai samo maka. Allah ya sa albarka a auren.

WASIƘA TA UKU: Yaran kamfani sun ƙwace mana manoma

Hajiya Goggo, sallama. Ni malamin gona ne na gwamnati, ritaya ta kusa. Da can muna da babura, ana ba mu mai, duk mako biyu akwai horo. Yanzu sai in biya kuɗin mota daga albashina kafin in ga manomi. Yaran kamfani kuwa ga babur ga kaya, manoman da na koya wa shuka a layi sun koma wajensu. Kwanan baya aka gayyace ni taron wani kamfani a ƙauye, aka zaunar da ni a gaba don a ɗauki hoto, ba a ba ni damar cewa uffan ba. Abin ya ci mini rai. Ashe mun zama tarihi ke nan?

Tsohon malamin gona, Jalingo

AMSA

Malam, Allah ya saka da alheri a kan shekarun da ka yi kana shiga rana da ruwa. Ɓacin ranka yana kan hanya, kuma wanda ya kira dattijo don hoto kaɗai bai kyauta ba.

Zamanin da kake tunawa na san shi. Shirye-shiryen bunƙasa noma na ADP sun faro ne a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya, daga baya suka game jihohi. Tsarin horo da ziyara ya sa kowane malami ya san ƙauyukansa da ranakun zuwansa. Da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare a shekarun 1990, jihohi da yawa suka tsaya a biyan albashi. Masu ritaya suka tafi ba a maye gurbinsu ba, har malami ɗaya ya koma riƙe da dubban gidaje. Wannan giɓin kamfanoni suka tarar. Yaran ba su kore ku ba, wuri suka samu a buɗe.

Amma ka sani akwai aikin da kamfani ba zai taɓa yi ba. Kamfanin shinkafa shinkafa ya sani, mai sayar da magani inda ake da kuɗin saye yake zuwa. Wa zai je wa mai 'yar gonar dawa da gyaɗa a bayan dutse? Wa zai koya wa mata masu turara shinkafa da masu ajiye iri, waɗanda saboda su aka buɗe sashen mata a hukumomin ADP tun ƙarshen shekarun 1980? Wa zai kai wa manomi hasashen damina na NiMet, ya ce masa kada ya yi gaggawar shuka da ruwan farko? Wa zai tsaya tsakani ranar da manomi da kamfani suka saɓa a kan sikeli? Sai wanda ba shi da kwalba ko buhun da yake son sayarwa. Shi ya sa na tura mai wasiƙa ta farko da na biyu wajen irinku.

Haɗin gwiwa mai kyau ma an taɓa ganinsa. Ƙungiyar Sasakawa, da ta shigo Najeriya a 1992 ta Kano da Kaduna, da malaman gona na jihohi ta yi aiki: ta ba su horo da kayan kafa gonakin gwaji, su kuma suka kai ilmin ƙauye. A ɓangaren 'yan kasuwa, Babban Gona da ya fara a Jihar Kaduna a 2012 ya nuna kamfani na iya haɗa horo da lamuni da kasuwa ga ƙananan ƙungiyoyin manoman masara. Kowane ɓangare akwai abin da ya iya, kuma manomi yana buƙatar duka biyun.

Shawarata, Malam, in an sake gayyatarka, ka amsa da sharaɗi: a nuna maka kayan da za a raba da takardar da manoma za su sa wa hannu tun kafin ranar, a kuma ba ka lokacin magana. In abin da ka gani bai gamshe ka ba, kada ka zauna a hoton, domin fuskarka ce ke sa manoma su yarda. Ka jawo yaran kamfanin a jiki. Da yawansu suna da takarda amma ba su san ƙasar Lau daga ta Zing ba, kai kuwa ka sani. Kafin ka yi ritaya ka rubuta abin da ka tara a kan ƙasa da iri da lokutan shuka na yankinka, ka bar wa na baya.

KALMAR ƘARSHE

Ina kira ga gwamnatin Jihar Taraba da ta ɗauki sababbin malaman gona, musamman mata, daga cikin yaran da Kwalejin Aikin Gona da jami'o'in Jalingo da Wukari ke yayewa, ta kuma ba su abin hawa da mai. Duk kamfanin da zai yi hulɗa da manoma a yi masa rajista, a san wa ya horar da ma'aikatansa, kuma kada a raba kaya a ƙauye sai da malamin gwamnati a wurin. Ku kuma manoma, ku riƙe ƙungiyoyinku, ku biya bashi in kun ci, kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Masu tambaya a kan noman rani, ku aiko da wasiƙunku da wuri kafin ruwa ya janye. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.